Zaman magana ko zaman zane: wanne ya dace da wanda damuwa ta danne?

A garuruwa irin su Zurmi, Shinkafi, Maradun da Tsafe, da unguwannin Gusau da 'yan gudun hijira suka cika, akwai mutanen da in ka tambaye su jiki za su ce maka "lahiya lau", alhali sun yi wata uku rabonsu da barcin kirki. Wani sace shi aka yi, aka sayar da gona aka fanso shi, ya dawo yana jin kunyar haɗa ido da 'yan'uwansa. Wata a gabanta aka kashe maigida. Wani kuwa ko ɗan bindiga bai taɓa gani ba, jarinsa ne ya karye, ya koma ganin kansa ba a bakin komai ba. Abin da ya haɗa su shi ne sun daina fahimtar abin da ke faruwa a ransu, kuma sun juya suna tuhumar kansu.

Ban da ƙwayar magani, hanyoyi biyu ne aka fi bi da irin waɗannan mutane. Ɗaya a zauna a yi magana bisa tsari, ɗaya a ba hannu aiki, zane ko gini da laka, sannan a yi magana kan abin da ya fito. Ma'aikacin asibitin ƙauye, da malamar makaranta, da ɗan'uwan da ke neman inda zai kai nasa, duk suna bukatar sanin wadda za su fara da ita. A ganinmu zaman magana shi ne gishirin aikin, domin shi ya fi hujja a bayansa. Zane kuwa ƙofa ce da ake bi idan bakin mutum ya ƙi buɗuwa, kuma a Zamfara bakin da ya ƙi buɗuwa ba kaɗan ba ne.

Abin da ake yi a zaman magana

Hira ce, amma mai lokaci da manufa. Zama ɗaya yakan ɗauki minti 45 zuwa 60, sau ɗaya a mako, a wuri guda da ba a leƙe. Tushenta biyu ne. Na farko sauraro irin wanda Carl Rogers ya koyar a Amurka tun shekarun 1940: ka ji mutum ba tare da yanke masa hukunci ba, ka maimaita masa abin da ka fahimta don ya ji da kunnensa. Na biyu hanyar gyaran tunani da ɗabi'a da Aaron Beck ya tsara a shekarun 1960, wadda likitoci ke kira CBT. Ita wannan tana bin zaren da ke tsakanin abin da ya faru, da abin da mutum ya faɗa wa kansa, da abin da ya ji, da abin da ya aikata. Galibi akan yi zama 6 zuwa 20, gwargwadon nauyin matsalar.

A ɗauka magidanci ne da aka fanso daga daji. Ya ce jiya ya wuce majalisa ya yi sallama, wansa bai ɗago kai ba, sai ya koma gida ya rufe ɗaki har magariba. Mai ba da shawara ba zai ce masa "ai ba haka ba ne" ba. Zai tambaye shi:

"Baba, lokacin da bai ɗago ba, me zuciyarka ta raya maka?"

"Cewa ni na talauta su. Gonar gado ta tafi saboda ni."

"In da shi aka ɗauka, kai aka bari a gida, da za ka sayar da gonar?"

"Ko rigar jikina."

"Da ya dawo, za ka riƙa ganinsa a matsayin wanda ya talauta ka?"

Daga nan sai a yi shiru, a bar shi da tambayar. Wannan shirun aiki ne, kuma sabon ma'aikaci yakan ɓata shi da cika baki. Kafin a tashi a ba shi aikin gida ƙarami: ya zauna a majalisa minti goma sau biyu kafin mako mai zuwa, ya lura da abin da ya faru a zahiri. Ta haka fahimtar kai ke shigowa. Mutum yana gano cewa hukuncin da yake yanke wa kansa ba zai taɓa yanke wa ɗan'uwansa irinsa ba. Wanda ya yi karatun addini yakan kawo da kansa hadisin da ya hana yawan cewa "da na yi kaza", kuma idan daga bakinsa ya fito ya fi tasiri nesa ba kusa ba.

Ba dole sai likitan ƙwaƙwalwa ne zai gudanar da wannan ba. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari mai suna PM+, wanda aka yi shi musamman don ma'aikatan da ba ƙwararru ba a wuraren da ake fama da tashin hankali. Zama biyar ne, kowane minti 90, mako-mako. Ana koyar da abu huɗu: numfashi a hankali don kwantar da jiki (a ja da ƙirga uku, a sake da ƙirga uku), warware matsala ɗaya bayan ɗaya, komawa kan ƙananan ayyukan da mutum ya watsar, da neman dafawar dangi da maƙwabta. A Zimbabuwe kuma likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, zama shida, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka samu wannan zama sun fi samun sauƙi a kan waɗanda ba su samu ba. Duk wanda ya san matsayin ungozoma da gwaggo a gidan Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba.

Inda zaman magana ke lalacewa a wajenmu sananne ne. Babba shi ne ya rikiɗe ya koma wa'azi. Mutum ya fara buɗe ciki, sai a tare shi da "ka yi haƙuri, ƙaddara ce". Maganar gaskiya ce, amma ya ji ta sau ɗari a zaman gaisuwa, kuma abin da yake ɗauka daga gare ta a wannan ɗakin shi ne an ce ya yi shiru. Na biyu sirri. Ƙauye ƙarami ne. Idan mai saurare ɗan garin ne, ko tafinta dangin miji ne, mace ba za ta faɗi komai ba, kuma tana da gaskiya. A faɗa mata tun zaman farko abin da za a ɓoye, da abu guda da ba za a ɓoye ba, wato idan ranta ko na wani yana cikin haɗari. Na uku a zaunar da mace da namiji baƙo kan maganar fyaɗe ko ta aure, wanda ɓata lokaci ne kawai. Na huɗu gaggawar tono. Matsa wa wanda abu ya faru da shi shekaranjiya ya ba da labari daki-daki a zama guda ba ya hana firgita zama masa ciwo, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina yin haka. A makonnin farko abin da yake bukata shi ne tsaro, abinci, barci da mutanensa.

Akwai kuma matsalar rubutu. Aikin gida na CBT an gina shi ne a kan takarda da biro. Wanda ya iya ajami ya rubuta da ajami. Wanda bai iya ba, a ba shi tsakuwa goma da gwangwani: kowace magariba ya jefa adadin da ya yi daidai da nauyin ransa na ranar, wani ya riƙe masa lissafi. Ko a tambaye shi da kwano: yau damuwar ta cika kwano, ko rabi, ko ɗan ƙasa-ƙasa? Wannan ya fi "daga sifili zuwa goma" shiga kunne.

Abin da ake yi a zaman zane

Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, shi ya raɗa wa wannan hanya suna a 1942, bayan ya lura da yadda zane ya taimake shi da sauran majinyata lokacin da yake jinyar tarin fuka. Dabarar ita ce abin da ke cikin rai ya fito ya zauna a kan takarda, inda mai shi zai kalle shi daga ɗan nesa. Faɗin "ina jin tsoro" yana da nauyi. Nuna wani baƙin wuri a gefen takarda a ce "nan ba a zuwa" ya fi sauƙi, kuma saƙon ɗaya ne.

Kayan aiki ba su da yawa: farar takarda mai ɗan faɗi ko bayan kwali, fensir, kalar yara mai maiƙo kala takwas zuwa sha biyu, gawayi, alli, da curin laka kamar dunƙulen hannu ga kowane mutum. Zaɓen kaya yana da ma'ana. Fensir da kalar maiƙo suna bin umarnin hannu, don haka suna riƙe mutum. Fenti mai ruwa da laka mai laushi suna zamewa, suna saurin kwance abin da ke ɗaure. Da wanda ke cikin firgita a fara da busassun kaya da ƙaramar takarda, a ja masa iyaka a gefenta. Laka sai an saba.

In rukuni ne, mutum shida zuwa takwas sun isa, jinsi ɗaya, shekaru kusa da juna, minti 90. Minti goma na gaisuwa da numfashi, kamar 35 na aiki, 30 na magana kan abin da aka yi ga wanda ya ga dama, sauran na rufewa. Rufewar nan ita aka fi wasa da ita, ita ce kuma ta fi muhimmanci: a ninke takarda, a sa a jaka, a wanke hannu, kowa ya faɗi abin da zai yi in ya koma gida. Wanda aka sallama da zanensa a buɗe da ransa a buɗe, daren nan ba zai yi barci ba.

Tambayar da za a fara yi maka a Gusau ko Talata Mafara ita ce ta hukuncin zana mai rai. Kada a tsaya jayayya, domin aikin bai dogara da zana mutum ko dabba ba. Bishiya, hanya, gulbi, gida, gona, ko zallar launi duk sun wadatar. Wanda ya yi makarantar allo ya san zayyana, mata sun san zanen lalle da na ƙwarya da saƙar faifai, maza sun san ɗinkin hula. Hannun Bahaushe ya daɗe da sanin tsara launi, sunan abin ne kawai baƙo.

Aikin da ya fi dacewa da wannan yanayi shi ne Bishiyar Rayuwa, wadda Ncazelo Ncube 'yar Zimbabuwe ta tsara tare da David Denborough wajen 2006 don yaran da suka rasa iyaye. Kowa zai zana bishiya. A saiwa ya sa asalinsa: garinsu, kakanni, wanda ya koya masa karatu ko sana'a. Ƙasar da bishiyar ke tsaye ita ce rayuwarsa ta yau, abin da yake yi daga asuba zuwa dare. Gangar jiki abin da ya iya da halayensa na kirki. Rassa burinsa. Ganye mutanen da ke da daraja a wurinsa, rayayyu da matattu. 'Ya'ya kuwa kyautar da aka yi masa, ko da kyautar haƙuri ce ko ta tarbiyya. Sai a jera bishiyoyin su zama daji, sannan a yi maganar guguwar da ke faɗa wa daji, da yadda bishiyoyi ke tsira. A lura cewa ba a kawo guguwa ba sai da aka kafa saiwa. Matar da ta shigo tana ganin kanta 'yar gudun hijira kawai, takan tsaya a kan gangar bishiyarta ta ce, "Ashe ni ce ke yi wa rabin garinmu kitso." Wannan ita ce karɓar kai a aikace: abin da ya same ta yana nan, amma ya koma yanki ɗaya na labarinta.

Kurakuran wannan hanya sun fi na magana ɓoyuwa, don zaman yakan yi kama da wasa. Mafi muni shi ne fassara. Ma'aikaci ya ga jan launi ya ce jini ne, ya ga ƙaramin gida ya ce ƙunci ne. Babu wani ƙamus na launi da ya tabbata, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da za a ce shi ne, "Inna, ba ni labarin wannan wurin." Na biyu yabo. Da ka ce wa ɗaya "kai, ya yi kyau", sauran sun koma gasa, wanda bai iya ba ya ajiye fensir. Na uku a ce wa yara su zana ranar da aka kawo hari. Yaro zai iya zana babura da bindigogi da kansa, kuma in ya yi kada a hana shi, kada a kuma nuna razana. A tambaye shi wa ya taimaka a ranar, ina aka ɓuya, yanzu ina yake kwana. Amma umartarsa da ya zana, ba tare da wanda ya san yadda zai riƙe abin da zai biyo baya ba, fama miki ne. Na huɗu, wanda ya zama ruwan dare, ɗaukar zanen a waya a watsa a Facebook don a nuna ana aiki. Zane sirri ne kamar magana, kuma a yankin da ake tsoron masu kai rahoto ga 'yan bindiga, hoton da ya nuna gari da hanya yana iya jawo abin da ba a zata ba.

A kan sikeli

Ta fuskar hujja ba su yi kunnen doki ba. Zaman magana mai tsari an gwada shi sau da yawa a ƙasashe daban-daban kan ciwon damuwa, fargaba da firgitar bayan tashin hankali, kuma shi jagororin likitoci ke sawa a gaba. Binciken zane bai kai haka yawa ko ƙarfi ba. Wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya aka buga a 2012, da mutum sama da 400 masu tsananin taɓin hankali, bai ga wani ƙarin sauƙi daga zaman zane na rukuni ba. Don haka duk wanda ya ce maka zane kaɗai zai warkar da ciwo mai tsanani ya wuce gona da iri. Waɗanda suka yi karatun wannan fanni takanas kuma ƙalilan ne a Najeriya, abin da aka fi samu shi ne ma'aikacin jin daɗin jama'a ko malami da ya samu ɗan horo. Wannan ya isa a yi Bishiyar Rayuwa, bai isa a tono fyaɗe ba.

Sai dai hujjar takarda ba ta amfanar wanda ya zauna zama uku bai ce komai ba sai "to" da "haka ne". An tarbiyyantar da mu cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Matar da kunya ta hana ta kiran sunan ɗanta na fari yana raye, ba za ta zauna ta bayyana maka zafin rasa shi ba. Ta iya sa masa ganye a bishiya ba tare da ta ambace shi ba.

Saboda haka, babba mai iya faɗin abin da ke damunsa, ko mai matsala da ke da suna, kamar bashi, rikicin kishiya, tsoron hawa mota a hanyar Gusau zuwa Funtuwa, ya fara da magana. Haka mai jego da damuwa ta kama, da ɗalibin da fargabar jarrabawa ta hana shi karatu. Yaro ƙasa da shekara goma sha biyu a fara da hannu, a kuma zauna da uwarsa daban, domin yaro ba ya warkewa a gidan da babba ke firgice. Budurwa ko matashin da ya yi gum, zama biyu ko uku na zane sannan a gangaro magana. Dattijo kuwa a yi hattara: miƙa masa kalar yara raini ne a idonsa. In ana son hannunsa ya yi aiki, a ba shi tsinke ya shata taswirar gonarsa ko garinsu a ƙasa, zance zai biyo.

Akwai hanyar da ta auri biyun, wadda aka tsara don 'yan gudun hijira da suka ga tashin hankali fiye da sau ɗaya, aka kuma gwada ta a sansanonin Yuganda. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwar mutum daga haihuwa, a bar ƙarshenta a nannaɗe don abin da bai zo ba tukuna. Ya ɗora dutse a kan kowane mugun abu, fure a kan kowane abin farin ciki. A zama na gaba, galibi takwas zuwa sha biyu, ana bin igiyar daki-daki da baki har labarin ya jeru. Tana da ƙarfi, amma ta wanda aka horar ce kuma ake duba aikinsa, domin tsayawa a tsakiyar dutse ya fi rashin farawa illa.

Inda duka biyun ba su isa ba

Wanda ke maganar kashe kansa ko ya tanadi abin yi, da mai jin muryoyi ko zargin ana binsa ba dalili, da wanda ya kwana uku ba barci yana ta surutu da rabon kaya, da mai jegon da ta rikice a makonnin farko bayan haihuwa, da mai farfaɗiya, da wanda tiramadol ko kodin ya riƙe, duk asibiti za a kai su, a ranar in da hali. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Mai addu'a ya ci gaba da addu'arsa, amma ɗaure mutum da mari ko dukansa ba magani ba ne, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba majinyaci haƙƙin a mutunta shi. Wani abu da ya shafi Zamfara musamman: yaron da ya fito daga ƙauyukan haƙar zinare na Anka ko Bukkuyum, ya canza hali, ya koma baya a karatu ko yana jijjiga, a fara auna jininsa. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a 2010 tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma zane ba ya fitar da ita.

Ko wacce aka zaɓa, a auna ta. Akwai takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, makinta daga 0 zuwa 27, kuma 10 zuwa sama alama ce ta damuwar da ke bukatar kulawa. A cika ta a zaman farko, a sake bayan zama huɗu zuwa shida. In babu takardar, a bi abu uku da iyali ke iya gani: awa nawa yake barci, yana cin abinci tare da mutane, ya koma gona ko kasuwa ko makaranta. Mako na biyu ko na uku wasu kan ji abin ya ɗan ƙaru saboda an taɓa wurin, a gaya musu tun farko don kada su gudu. Idan an kai zama shida babu abin da ya motsa, a sauya hanya ko a tura gaba. Wanda aka fara da zane kuma ya soma ajiye fensir yana zance tun kafin a tambaye shi, a rage lokacin takarda zuwa minti goma, a ba baki sauran.